Mai Son Kafa Ƙasarsa: Shawarar da Aka Bayar a Yauri

A majalisarmu ta Yauri, wani matashi ya tambaya ko mutum zai iya kama tsibiri a kogin Neja, ya kafa tuta, ya ce ƙasarsa ce.

Wani dattijo masanin shari'a ya ce, "Ɗana, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Montebidiyo ta 1933 ta gindaya sharuɗɗan zama ƙasa: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe." Ya ƙara da cewa ko an cika su, in ƙasashe ba su amince ba, an yi aikin banza. Misali, Silan (Sealand), wadda aka ayyana a matsayin ƙasa a 1967 kan wani tsohon sansanin soja a tekun Ingila, har yau ba ƙasar da ta amince da ita.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne maganar gida. Sashe na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ce Najeriya ɗaya ce, ba ta rabuwa. Dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna.

Dattawa suka ce matashin ya yi rajistar ƙungiyar masunta, ya nemi takardar mallakar fili.