Musayar Waƙa: Tsakanin Ɗakunan Gumaka Uku a Kufan Pestum

Mai Taswira: Assalamu alaikum. Na buɗe fage. Mai gyara ya gyara, amma da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya birni, mai rushewa,
Kufan Pestum muke dubawa,
Gaɓar Bahar Rum, a Italiya.

Daga Salarno hau jirgin ƙasa,
Kudu za ka yi, babu nisa,
Kamar rabin awa kun isa,
Abin da ya rage duk tafiya.

Ƙofar Sirena na gabanka,
Ita ce ta gabas, bi da ƙafarka,
Minti 15 sun ishe ka
Ka kai ga kufan, hanya ɗaya.

Ganuwar dutse mai ƙofa huɗu,
Ɗaki guda arewa, biyu a kudu,
Tsakaninsu ba ya son gudu,
Bai kai kilomita ba gaba ɗaya.

Shawarata a fara da na arewa, ɗakin gunkin Atina,
Kan tudu yake, kafin zafin rana,
Sannan ka gangara, ɗan'uwana,
Kudu bisa tsohuwar hanya.

Malamin Tarihi:

Malam Mai Taswira, hanya ta fita,
Sunayen ne ke da ruɗarwa.
Wajen 600 kafin Miladiyya
Mutanen Sibaris suka zo, Girkawa.
Posidoniya suka raɗa wa garin,
Pestum kuwa kira ne na Rumawa,
Da suka karɓe shi a 273 kafin Miladiyya
Daga hannun mutanen yankin, Lukaniyawa.
Na arewa Cerere aka ce da shi,
Masanan ƙarni na 18 ne da raɗawa,
Da aka tona, sai ga 'yan gumakan
Atina birjik, babu musantawa.
Basilika ta kudu ma, sunan kotu gare ta, amma ba kotu ba ce,
Ɗakin Hera ne, shi ne na farawa.
Na kusa da shi Nettuno ake kira,
Kan mai shi har yau ana tattaunawa:
Wasu Hera, wasu Afolo, wasu Zus,
Suna dai ya bi shi, ya ƙi gogewa.

Sarkin Magina:

Malam, sunaye na bar muku,
Ginshiƙi ne zancen da ke gabanku.
Ni ban yarda a fara da arewa ba,
Mai farawa can bai ga tushen ba.
Je ka Basilika, shi ne babba,
Na wajen 550 kafin Miladiyya, ba tababa.
Tsaya gabas, ƙirga goshinsa: 9,
Gefe 18, 50 cif in ka tara.
Tara mara ce, ɗaya ya faɗa tsakiya,
Ya tokare inda ido ke neman hanya.
Layi guda ya ratsa cikin ɗaki,
Ɗaukar nauyin rufi ne nasa aiki.
Dubi tumbinsu, kamar randa a tsaye,
Wuya a tsuke, da zanen ganye kewaye,
Hular kansu a baje kamar faifai,
Alamar tsufa ke nan, riƙe ta sosai.
Yi 'yan taku arewa, ga Nettuno ƙaninsa,
Shekara kusan 100 ya biyo bayansa.
Goshi 6, gefe 14,
Mita 60 ne, babban ɗakin kudu.
Ginshiƙi ya kusa mita 9 tsayi,
Tumbi ya ragu, hula ta dace da nauyi.
Tsagar jikinsa 24, ka duba,
Al'ada 20 ce, nan ba a bi ta ba.
Leƙa ciki, ginshiƙai layi biyu,
Ƙanana kan manya, hawa biyu.
Babu siminti, babu laka tsakani,
Dutse kan dutse, nauyi ke riƙe gini.
Koyon ƙarni guda ga shi a jere,
Tsaya tsakaninsu ka gan su a tare.

Auta:

Baba Sarkin Magina, gafarce ni,
Atina ka tsallake, ka bar ni.
Kuma me ya tsare su tsawon zamani,
Alhali garin ya zama kufai?

Sarkin Magina:

Auta, Atina na tsakiya ne a haihuwa,
Wajen 500 kafin Miladiyya, goshi 6, gefe 13 in kana ƙirgawa.
Na barandar cikinsa an sauya musu salo,
Kai nannaɗe kamar ƙahon rago, abin kallo.
Daga baya Kirista suka mai da shi coci,
Ɗaya tambayar, Malam ne ya cancanci.
Amma rufi katako ne da gasasshen yumɓu,
Shi ya fara tafiya, yau ko ɗaya babu.
Launin ƙasa-ƙasan nan kar ya ruɗe ka,
Da farin yaɓe ne, da ja da shuɗi a kan ka.

Malamin Tarihi:

Auta, sauro ne ya yi musu gadi,
Kogin Salso ya cushe, ya daina wucewa,
Fili ya koma fadama, zazzaɓi ya zauna,
Ga mahara ta teku suna ta kaiwa.
Wajen ƙarni na 9 mutane suka tattara,
Kan duwatsun Kapaco suka yi ƙaura, suna hayewa.
Da birni ya ci gaba da zama a gurin,
Da an farfasa su an yi ta ginawa.
An dai kwashi wasu duwatsu zuwa Salarno,
Manyan ukun suka fi ƙarfin ɗaukewa.
Ɓarnar da ta fi ci mini rai ta baya ce:
Titi ya bi ta kan filin wasan Rumawa,
Rabi kawai za ka gani a fili,
Rabi na ƙarƙashi, ana takawa.

Inna Mai Guzuri:

Malamai, kun cika yaro da lissafi,
Kun manta Yuli da Agusta akwai zafi,
Fili ne fetal, inuwa ba ta da ƙarfi,
Gorar ruwa da malafa su ne kaya.

Silifa da takalmi mai tsini a bar su,
Duwatsun hanya ba daidai aka jera su,
Ƙafafu sun goge su, in ruwa ya taɓa su
Santsi ne, a nan ake samun karaya.

Ɗakunan duka gabas suke kallo,
Dutsen yankansu na gaba, kamar allo,
Mai son hoton goshi, safiya ce salo,
La'asar sakaliya ta masu zagawa baya.

Awa 2 a fili, 1 a gidan tarihi.
Kar a hau ginshiƙi, ɗana, don Allah,
Dutsen mai ƙofofi ne kamar soso,
Yana marmashewa, gyaransa da wuya.

Cukun nonon ɓauna a nan ake yi,
Mozarela, a ci ranar da aka yi,
Kar a sa a firiji, yana ƙin sanyi,
Ya yi tauri, daɗin ya gudu gaba ɗaya.

Mai Taswira:

Na karɓi gyara, Sarkin Magina,
A fara da kudu, a ƙare da Atina.
Amma a hanya, kusa da tsohuwar kasuwa,
Akwai ɗan ɗaki da ake wucewa.

Rufinsa kawai ya leƙo sama,
Ba ƙofa, ba taga, an rufe shi da dama,
A 1954 aka buɗe, sai ga zuma,
Tulunan tagulla 8, ta daskare a ciki.

Auta:

Yaya, ina tulunan suke yanzu?

Malamin Tarihi:

Tsallaka titi, gidan tarihi na nan,
Tun 1952 ake shigarsa da dubawa.
Tulunan na ciki, amma kar ka fita
Sai ka ga Kabarin Mai Tsundumawa.
Mario Napoli ya tono shi a 1968,
Kudu da ganuwa, ba nisan tafiyawa.
Falalen dutse 5 ne masu zane,
Na wajen 480 kafin Miladiyya, aikin Girkawa.
Huɗu na gefe, maza a kishingiɗe,
Ga garaya, ga sarewa, suna shaye-shayensu da rerawa.
Na biyar murfi ne, zanen na ƙasansa,
Fuskar mamacin kaɗai yake dubawa:
Saurayi ya bar kan gini, yana iska,
Hannu a miƙe, ƙafafu a haɗe, bai kai ruwa.