Wai Vim tsohon yayi ne?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Daren jiya na buɗe fayil a Vim, manhajar nan ta gyara rubutu, ina ta danna maɓallai rubutu ya ƙi fitowa, sai ma layuka da suka riƙa ɓacewa. Da ƙyar na lallaɓa na yi gyarana, na zo fita kuma na rasa hanya. Rufe tagar na yi gaba ɗaya, aikin awa guda ya bi ruwa. Haddace umarnin Vim ɓata lokaci ne. Tsohon yayi ne kawai. Manhajar Nano ko ba komai ta rubuta maka ^O na adanawa da ^X na fita a ƙasan allo.

Mai Haƙuri: Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanena. Buga vim -r da sunan fayil ɗin, mai yiwuwa aikinka na nan. Gaba kuma ka danna Esc, sannan :wq, ka adana ka fita.

Tsohon Hannu: Tsohon yayi? A bakinka? Bram Moolenaar ya fito da Vim a 1991, ya yi ta rainonsa har ya rasu a 2023, kuma har yau ana sabunta shi. Abin da ake ci gaba da gyarawa ba ya zama tsohon yayi. Ka janye kalmar nan.

Mai Linzami: Malam, ai gaskiya ya faɗa. Tushen Vim manhajar vi ce, ta Bill Joy, tun 1976. Me ya sa ake tafiya cikin rubutu da h, j, k, l? Don na'urar da ya yi aiki da ita, ADM-3A, a kan waɗannan haruffan aka zana mata kibiyoyi. Yau kowane kibod da kibiyoyinsa. Ni manhajar VS Code nake amfani da ita, hankalina kwance.

Tsohon Hannu: Tsufa daban, tsohon yayi daban. Kana miƙa hannu neman linzami, ni na buga dd na goge layi, p na manna shi a ƙasa, u na mayar. Yatsuna ba su bar wurinsu ba. Kai yaro ne a harkar.

Mai Linzami: Wa kake kira yaro? Shekarata nawa ka sani?

'Yar Emacs: Ku yi haƙuri in sa baki. In tsufa ne abin alfahari, manhajar Emacs ma tun 1976 take, kuma ba sai ka tambayi kanka ko a yanayin rubutu kake ko na umarni kamar a Vim ba.

Tsohon Hannu: Malama, ya ƙaramin yatsanki? Ctrl-x Ctrl-s na adanawa, Ctrl-x Ctrl-c na fita, wuni guda yana danne.

'Yar Emacs: Lafiyarsa ƙalau. Na mayar da Caps Lock ya zama Ctrl tun tuni.

Mai Linzami: Ni dai a janye "yaro" tukuna.

Ɗan Koyo: Jama'a, tambayata fa ita ce ko haddar ta cancanci lokacin.

Mai Kula da Zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta: babu wanda ya iya tabbatar da cewa Vim tsohon yayi ne, kuma ba a karya hujjar Tsohon Hannu ta dd da p ba. Ni ma shi nake buɗewa kullum, kusan duk uwar garken da na shiga ina tarar da vi a ciki. Ɗan Koyo, ka buga vimtutor, darasin koyon Vim ne, rabin awa ya ishe ka. Maganar "yaro" ku ƙarasa ta a gefe.