"Iya kuɗinka, iya shagalinka": gargaɗi ce ko kirari?

Autar Mama: Assalamu alaikum. Jiya muka yi ta ja-in-ja da yayata a kan wannan magana. Ni gargaɗi na ɗauke ta, wato kada mutum ya wuce ƙarfinsa. Ita kuwa ta ce kirarin masu hannu da shuni ne, kowa ya ci duniyarsa gwargwadon nauyin aljihunsa. Wa ya fi gaskiya?

Tsohon Akawu: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ku duba "iya" ɗin nan, 'yar'uwar "iyaka" ce, inda abu ya tsaya. Amma ni inda nake ganin ake tuntuɓe shi ne "kuɗinka". Albashi ya shigo, waya ta yi ƙara, ka ga lamba ta cika ido, sai ka ɗauka duk naka ne. Alhali mai gidan haya yana da rabonsa a ciki, makarantar yara tana da nata, ga kuɗin mota, ga mai binka bashi. Lokacin da nake aiki, kuɗin hayar shekara gida 12 nake raba shi, duk wata in zare kashi ɗaya in sa a ambulan da na rubuta wa "ba naka ba". Abin da ya saura bayan an sallami kowa, shi karin maganar ke nufi.

Ɗan Gayu: Baba, da girmanka, wannan ai fassarar akawu ce. Ban taɓa jin mai tattali ya faɗi maganar nan ba. Mai kashewa ke faɗinta, yana murmushi, in an ce masa ya yi yawa.

Uwar Biyu: Haka ake faɗinta, Ɗan Gayu, amma bakin da ya faɗi magana ba shi ke da ita ba. Kuma ka lura ba ta hana shagali ba, awo ta yi masa. Akwai tsarin da Elizabeth Warren, sanatar nan ta Amurka, ta yaɗa tare da 'yarta a littafinsu na 2005: kashi 50 cikin 100 na abin da ya shigo hannu bayan haraji ya tafi ga larura, 30 ga abin marmari, 20 ga ajiya da rage bashi. Shagali har kujerarsa aka ba shi. Matsalar ita ce in ya hau ta ajiya ya zauna.

Direban Dare: Hajiya, wannan rabon na mai albashi ne. Mu da samunmu yau fari gobe tsumma fa? Wani watan larura kaɗai ta cinye komai. Ni da watan da na fi shan wuya nake auna kaina. Rarar wata mai kyau kuma ta gyaran mota ce, don ba ta sallama kafin ta lalace.

Ɗan Gayu: In ta ƙure a ranta mana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Tsohon Akawu: Wannan ta rarrashi ce, ɗana, wanda bashi ya riga ya kama ake faɗa wa don kada kunya ta kashe shi. Kai kuma ka mai da ita lasisi. Kuɗin da ka ranto na wani ne, kuma daga shagalin watan gobe za a cire shi.

Autar Mama: Na gode. Na buɗe tarihin asusuna na watan jiya yanzun nan, sai ga wata manhaja da na daina amfani da ita tun tuni tana ta zare kuɗi duk wata ban sani ba. Na soke ta. Baba, kuɗin data fa, larura ne ko shagali? Yayata ta ce larura, amma na ga abin da take kallo da shi.