Neman kalma: me za mu kira ORM da Hausa?

Mai_Koyar_da_Python: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza. Ranar Litinin zan gabatar da darasi da Hausa, taken kuwa muhawara ce: shin ORM (Object-Relational Mapping) ya isa ya maye gurbin rubuta SQL, harshen yi wa rumbun bayanai tambaya, kai tsaye? Rumbun bayanai da jadawali sun riga sun zauna a bakin ɗalibai, ORM ɗin ne ya zame min ƙarfen ƙafa. Ga wanda bai saba da shi ba: maimakon ka rubuta umarnin SQL na SELECT da hannunka, a Django, tsarin gina shafukan intanet da harshen Python, sai ka rubuta Littafi.objects.filter(shekara=2005), shi ya mayar da shi SQL, ya miƙa wa rumbu, ya dawo maka da amsa a siffar abubuwan Python (objects).

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Taswirar dangantakar abu. Kalma uku, fassara uku.

Malamar_Lissafi: Injiniya, ka yi haƙuri, biyu daga cikin ukun sun kauce. Bahaushe na jin taswira, zanen ƙasa zai faɗo masa a rai, alhali abin nufi shi ne haɗa kowane abu da takwaransa. Dangantaka ma ba ita ba ce. Lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar da tsarin rumbu mai jadawali a 1970, kalmar relation da ya ɗauko ta lissafi ce, kuma jadawalin kansa take nufi, ba alaƙar da ke tsakanin jadawali da jadawali ba. In muka ce dangantaka, mun koya wa yara kuskure tun daga suna. Ni na ce: mahaɗin abu da jadawali.

Injiniya_B: Na karɓa, Malama. Amma ya yi tsawo a baki.

Tsohon_Mai_Rumbu: Ku kira shi dillali, ku huta. Yana tsakanin manhaja da rumbu, kuma ba ya aiki sai da la'ada. Ka nemi littattafai 100 da sunan marubucin kowanne, sai ya tura tambaya ɗaya ta littattafan, sannan ya koma sau 100 yana tambayar marubuta ɗaya bayan ɗaya. Tambaya 101 a wurin da JOIN guda, umarnin haɗa jadawali da jadawali, ya wadatar. Wannan ce matsalar N+1, kuma mai koyo ba ya ganinta, don lambar da ya rubuta layi biyu ce tsaf. Sai bayanai sun yi yawa shafi ya fara jan ƙafa.

Injiniya_B: Baba, wannan suna ai hukunci ne. Django na da select_related don magance wannan, Hibernate, ORM na harshen Java, ma da tasa hanyar, wanda ya san aikinsa ba ya faɗawa ramin nan. Kuma ka manta amfaninsa: yana raba abin da mai amfani ya shigar da ainihin umarni, don kada ɓarawo ya cusa mugun SQL.

Tsohon_Mai_Rumbu: Wannan kariyar ana samunta a SQL na hannu, muddin ka aika ƙimomi daban ba ka manna su cikin jimla ba. Tun kafin Gavin King ya fara Hibernate a 2001 ake yin haka.

Mai_Koyar_da_Python: Muhawarar da nake so ɗalibai su yi ke nan, shi ya sa ba na son sunan da ya riga ya raba gardama.

Ƙirƙirau: Ranku ya daɗe, duk kuna ɗinkin faci ne. A ƙera sabuwar kalma: JADABU. Jadawali da abu. Gaɓa uku, jam'i jadabobi, a ce "na jadabta rumbun". Ta hau tsarin Hausa daram.

Malamar_Lissafi: Ta hau, amma wa zai ji ta ya gane? Ni dai tafinta ya fi kwanta min. Harsuna biyu ne a gabanmu, na abubuwa da na jadawali, shi yana juya wannan zuwa wancan. Sunan bai yabe shi ba, bai kushe shi ba.

Ƙirƙirau: Tafinta? Malama, wannan kalmar Turanci ce, interpreter, da aka sa wa hula! Mu guje wa ORM mu faɗa wani aron? A 1955 IBM ta tambayi Farfesa Jacques Perret sunan da za a ba kwamfuta da Faransanci, ya ce ordinateur, yau duk Faransa ita ake faɗa. Su sun girmama harshensu. Mu kullum hannu a miƙe.

Malamar_Lissafi: To ɗan'uwa, rabin jadabunka ma aro ne, jadawali daga Larabci ya zo. Manhaja haka, lissafi haka. Kalmar da kakanninmu suka yi amfani da ita har ta yi jam'i, tafintoci, ta zama tamu.

Ƙirƙirau: Larabci daban, ya daɗe da mu.

Injiniya_B: Kuma Faransawan da ka kawo, masu rubuta manhajarsu ORM suke cewa.

Ƙirƙirau: Don wasu sun yi sakaci ba hujja ba ce. Na'ura mai ƙwaƙwalwa muka ƙera da kanmu, ga ta nan a rediyo kullum. Matsalarmu raina namu, wanda ya yi boko gani yake in bai jefa Turanci ba an rage masa daraja.

Injiniya_B: Wannan magana ta yi nauyi. Ba wanda ya shigo nan don ya raina Hausa.

Tsohon_Mai_Rumbu: A yi haƙuri da juna. Ni damuwata da tafinta daban ce. Malam na koyar da Python, kuma abin da ke karanta lambar Python yana zartar da ita, tafinta sunansa a Turance. Ranar da ya zo wannan babi, kalma ɗaya za ta ɗauki kaya biyu.

Malamar_Lissafi: Gaskiyarka, Baba. To a ɗaure shi da rumbu: tafintan rumbu. Wancan kuma ya zama tafintan Python.

Tsohon_Mai_Rumbu: Ba laifi. Dillali ya fi faɗin gaskiya, amma zan iya zama da wannan. Sharaɗina ɗaya, Malam: ka nuna musu SQL ɗin da tafintan ya fitar. A Django ka buga .query a ƙarshen tambayar, su gani da idonsu. Wanda bai iya karanta shi ba, ba zai san ranar da aka yi masa mummunar fassara ba.

Mai_Koyar_da_Python: Na gode ƙwarai. A allo zan rubuta tafintan rumbu, in faɗi ORM sau ɗaya don su gane shi in sun ci karo da shi a takardun Django ko SQLAlchemy, wani ORM na Python. Bayanin Malama, mahaɗin abu da jadawali, zai zama ma'anarsa.

Ƙirƙirau: Ban gamsu ba. Aƙalla ka ambaci jadabu a ajin, ka bar ɗalibai su zaɓa.

Mai_Koyar_da_Python: Zan ambata, in sha Allah.

Injiniya_B: Saura abu ɗaya, Malam. Shi kansa "abu" bai ishe ni ba, komai ma abu ne. Wa ke da wata kafin Litinin?