"Alƙawari kaya ne", amma wane irin alƙawari?

Ɗan Fagge: Jiya a huɗuba liman ya jawo "alƙawari kaya ne" kan masu neman ƙuri'a. Da muka fito muka kaure da musu da yayana. Shi a ganinsa duk wanda ya ce "zan yi" ya ɗauki kaya. Ni kuwa na ce mai cewa "za mu inganta rayuwar talaka" bai ɗauki komai ba, don ba ranar da za ka tsare shi ka ce bai cika ba.

Baban Iman: Gaskiyarka. A 2015 APC ta ambaci naira 5,000 duk wata ga matalauta da ciyar da 'yan firamare. Ko ba komai akwai abin da za ka riƙe ka tambaya.

Maman Sadik: Kun tuna min da kakata, Allah Ya ji ƙanta. Zaɓen 1979 ne karon farko da ta jefa ƙuri'a. Ta ce duk lokacin haraji kakanmu a gona yake kwana, ita ke fita zaure ta ba 'yan karɓa haƙuri, wata shekara har akuyarta aka kama. Masu neman ƙuri'a suka zo suna ta maganar ci gaba, ta ce musu, "'Ya'yan nan, ci gaban me?" Ba wanda ya amsa. Da 'yan PRP suka zo suka ce haraji da jangali za su soke, sai ta tara kishiyoyinta uku ta nuna musu hoton mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP. Abubakar Rimi na PRP na hawa kujerar gwamnan Kano ya soke. Har ta rasu tana wannan zance.

Na Goma: Allah Ya ji ƙan Hajiya. Namu ɗan siyasar kuwa rijiya ɗaya ya yi wa alƙawari zaɓe uku, har yaran unguwa sun sa wa filin suna Bakin Rijiya.

Malam Gwani: Ku bi a hankali. A 2023 manyan 'yan takara duk sun faɗa ƙarara za su cire tallafin mai, kuma an cika. To wannan kayan a kan wa ya sauka?

Maman Sadik: Malam, ka taɓo inda yake min ciwo.

Na Goma: Wai Ɗan Fagge, yayan naka ba shi ne ke raba atamfa a mazaɓarku ba?

Ɗan Fagge: Shi ne. Zan nuna masa wannan da daddare.