Bolti mai rufin tutiya: a bushe kuke ɗaure shi ko da mai?

Makaniken manyan motoci:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Bolti M10 (mai kaurin milimita 10) mai lambar ƙarfi 8.8, kullum a kan Nm 50 (ma'aunin ƙarfin juyi) nake saita sifanar awo, wadda ke yin ƙas in an kai awon, kuma baƙin bolti bai taɓa ba ni matsala ba. Da aka kawo masu ruwan toka, waɗanda aka yi wa rufin tutiya, yaro ya ɗiga musu baƙin mai kamar yadda aka saba. Sifana sai tafiya take yi, ta ƙi yin ƙas. Da na kwance, bolti ya miƙe, zarensa ya sirance. Jabu ne?

Injiniyan masana'anta:
Wa alaikumus salam. Oga, ba jabu ba ne. Ƙarfin da kake sa wa sifana, kusan kashi 90 cikin 100 gogayya ce ke cinyewa: wajen rabi a ƙarƙashin kan bolti ko noti, kashi 40 a zare. Ɗan ragowar ne ke matse ƙarfe. Irin wannan rufin galibi da santsinsa yake zuwa daga kamfani, ga kuma mai a kai. A busasshen ƙarfe adadin gogayya da ake lissafi da shi wajen 0.2 ne, Nm 50 ya ba ka matsi na kilonyutan (ma'aunin ƙarfin matsi) 25. Idan santsi ya sauke shi zuwa 0.13, matsin ya haura 38, alhali wannan boltin wajen 37 yake fara miƙewa. Mu ba ma karɓar kaya sai da takardar gwajin ISO 16047, wato gwajin matsin da ƙarfin sifana ke bayarwa, kuma an hana kowa ƙara mai.

Mai haɗa ƙarafan gini:
Ni kuwa akasin haka nake fama da shi. Galbanaiz ɗin da ake tsomawa cikin narkakkiyar tutiya kaushi gare shi. Sifana ta yi ƙas da wuri, ka ɗauka ka gama, ashe noti ne ya cije, farantan ƙarfen ba su ma haɗu sosai ba. Shi ya sa notinsa ke zuwa da kaki, an kuma ɗan faɗaɗa zarensa. Kwalin da aka bari a buɗe ruwa ya dake shi, kakin ya tafi, daga nan kowane noti da halinsa. Yanzu sai in matse daidai, in ja layi da alli, in ƙara juyin da takardar aiki ta ce.

Mai gyaran famfo:
Sitenles fa? In ba ka shafa masa man hana cijewa ba, ka kuma sa mashin mai gudu, noti da bolti sai su manne, sai dai zarto.

Makaniken manyan motoci:
Na gode, Injiniya. To idan kaya sun zo ba takarda fa?

Injiniyan masana'anta:
Kada ka haɗa su da na wani kwali a wuri ɗaya. Ɗauki 'yan kaɗan ka gwada a gefe, da irin washa da notin da za ka yi aikin da su, ka auna tsawon bolti kafin ɗauri da bayan ka kwance. Wanda ya ƙaru ya wuce iyakarsa, sai ka rage awo.