Kukan aksul ɗin baya a tsofaffin Peugeot: wanda ya taɓa fama ya faɗi yadda ya yi

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. 504 salun ce gare ni, haɗin Kaduna, ta marigayi mahaifinmu, ba na son rabuwa da ita. Kwanan nan ta fara wani kuka daga baya, da na taka totur sai ya tashi, na ɗaga ƙafa sai ya lafa. Makanikina ya ce a sauke aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, gaba ɗaya a sayo na Beljiyam. Kafin in zuba kuɗi ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa shiga wannan hali.

Oga Ɗanladi, Panteka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a sauke komai tukuna. Kuka iri-iri ne. Wanda ke bin totur, kamar naka, yawanci daga cikin difarenshal yake, wato giyar da ke tsakiyar aksul: ko boris ɗin finiyan (ƙaramar giya) ya saki, ko haƙoran finiyan da kirawun (babbar giyar da finiyan ke juyawa) sun ci juna. Wanda kuwa ke gurnani ba ruwansa da totur, yana ƙaruwa in ka sha kwana, boris ɗin taya ne, aikin yini ɗaya. Fara da kwance kusar mai ka tara a roba. In ka ga garin ƙarfe yana walƙiya, to akwai magana. In kuma man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Kuma in ta kai ga canji, kirawun da finiyan tare ake sa su, ba a aurar da na wannan da na waccan.

Malam Habu: Abin da Oga ya faɗa na ruwa shi ya same ni. Fikof ce tawa, ina ɗaukar buhuna daga ƙauye, da damina sai mun ratsa rafi. Akwai ɗan hancin iska a saman aksul. In ƙarfen ya yi zafi ka tsoma shi a ruwa, ta nan yake zuƙa. In kuma laka ta toshe shi, sai ya riƙa turo mai ta sil, wato robar da ke tare mai, har ya jiƙe birki. An canja min sil, ya sake yoyo, sai da wani dattijo ya zura waya ya buɗe hancin sannan muka huta.

Issoufou na Maraɗi: Mu nan "pon" muke ce wa aksul. Tawa 404 ce, kuma ina jan kunnen masu ita: da yawa daga tsofaffin nan ba kirawun da finiyan gare su ba. Wani ƙarfe ne mai murɗi kamar sukuru yake juya dabaran tagulla, haka ma Peugeot ta yi a 203 da 403. Man giyar zamani mai lambar GL-5 akwai sinadarin kibiritu a ciki, yana cin tagulla in ya ɗau zafi. Da can man da aka haɗa da zurma ake zuba musu, kuma ba ya gauraya da mai na yau da kullum. Wani yaro a gareji ya cika min da na kanti bai tambaye ni ba, da muka sauke sai ga man yana ƙyallin zinare. Dabaran har Zinder na neme shi.

Sani Direba: Alhaji, in ma za ka sayi aksul ɗin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka sa a ƙirga haƙoran kirawun da finiyan a gabanka. Na fikof an yi shi don jan kaya, lissafinsa daban da na salun. Maƙwabcina aka haɗa masa wanda ba nasa ba, a titin Zariya inji na ihu mota ba ta gudu, agogon gudu yana ƙarya, mai kuma yana tafiya.

Baban Hafsa: Na gode, Allah Ya saka. Yau da safe muka tara man, bai kai rabi ba, baƙi ƙirin, amma garin ƙarfen kaɗan ne. Sil ɗin gaba ne ke yoyo. Oga Ɗanladi, ranar Asabar kana shago in kawo ta ka ji kukan da kunnenka?

Oga Ɗanladi, Panteka: Ina nan in sha Allahu. Cika mata mai kafin ka taso, kuma ka bi a hankali.